"Daji Ba Ya Son Ƙarfe": Nazarin Kalmomin Ƙarin Ƙwaƙwalwa da Sababbin Hanyoyin Maganinsa a Kan Iyakar Jibiya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ci gaban da aka samu wajen ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da haɗa magungunan da ke bin nau'in ciwon dajin ƙwaƙwalwa, sannan ta auna wannan ci gaba da kalmomin da Bahaushe ke jin bayanin cutar da su. An ɗauki Jibiya a matsayin farfajiyar nazari domin a nan ne Hausar asibiti iri biyu ke haɗuwa, mai aro daga Ingilishi da mai aro daga Faransanci. Maƙalar ta nuna cewa sabon maganin ya dogara kacokan ga rarrabe ƙari da ƙari, alhali kalmomin "daji" da "hoto" da "gashi" da "gado" suna cuɗanya abubuwan da likita ke son rabawa. An kawo shawarar wasu kalmomi tare da dalilan zaɓensu.

Fitilun Kalmomi: daji, ƙari, hoto, samfur, tambari, Jibiya

1.0 Gabatarwa

Masana Hausa sun daɗe suna nazarin magani. Lewis Wall ya wallafa littafinsa a kan maganin Hausawa a 1988 bayan zaman da ya yi a ƙasar Malumfashi. Kafin shi Murray Last, a maƙalarsa ta 1981, ya nuna cewa majinyaci a wannan yanki kan zagaya tsakanin masu magani iri-iri ba tare da ya damu da sanin tsarin da kowannensu ke bi ba. Aliyu Muhammad Bunza kuwa ya yi zurfi a kan ayyukan malaman tsibbu da magungunan da ke rubuce. Duk waɗannan ayyuka sun fi karkata ga abin da Bahaushe ya gada. Ɓangaren da aka bari a baya shi ne Hausar da ake yi a ɗakin likita a yau, inda ake yanke shawarar rai da mutuwa da kalmomin da babu wanda ya zauna ya tantance su.

Ciwon dajin ƙwaƙwalwa ya dace da irin wannan nazari, domin cuta ce da ido ba ya gani, hannu ba ya taɓawa. Duk abin da majinyaci da danginsa za su sani game da ita, ta bakin wani za su ji shi. Maƙalar ta dogara ga binciken likitanci da aka wallafa, da kuma yadda kalmomin ke yawo a bakin jama'a da kafafen yaɗa labarai.

2.0 Jibiya da Hausar Asibiti Iri Biyu

Jibiya ƙaramar hukuma ce a Jihar Katsina, a kan hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta bi ta Magama ta shiga Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Mutanen ɓangarorin biyu dangi ne tun lokacin da sarakunan Katsina na Haɓe suka yi Arewa bayan jihadi suka kafa Maraɗi a farkon ƙarni na 19. Ana auratayya, ana cin kasuwa tare, ana kuma neman magani a duk ɓangaren da ya fi sauƙi. Rufe iyakar da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Afrilu 2022, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, sun taɓa marasa lafiya kamar yadda suka taɓa fatake.

Mai ƙari a ƙwaƙwalwa daga wannan yanki ba a asibitin ƙaramar hukuma jinyarsa za ta ƙare ba. Za a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wadda sunan Farfesa Bello Bala Shehu ke tafiya da ita. Idan ta Nijar ya bi, zai fara da Maraɗi, wataƙila ya dangana da Yamai. A kowane zango akwai kuɗin mota, da kuɗin gwaji, da taron dangi da za su yanke ko a ci gaba ko a koma gida.

A nan ne harshe ke fara sa ƙafa. A Nijeriya, idan mace ta ce ta je "sikanin", hoton ciki take nufi, irin wanda ake yi wa masu juna biyu da na'urar amon sauti. A Nijar wannan hoton "eko" ne, "sikaner" kuwa ita ce babbar na'urar da ke yanka hoton kai faifai-faifai, wadda ake kira CT a Nijeriya. Abin da ɗan Katsina ke kira MRI, lokotoron Maraɗi IRM zai rubuta. Hoton ƙashi a can "radiyo" ne. Saboda haka mutum zai iya tabbatar wa likita cewa an riga an yi masa "sikan", su rabu kowa da abin da ya fahimta.

3.0 Alamomin Cutar da Inda Al'ada Ke Ajiye Su

Ƙoƙon kan baligi rufaffen akwati ne da ba ya buɗawa. Duk abin da ya tsiro a ciki sai ya matse ƙwaƙwalwa. Daga nan ake samun ciwon kai mai tsananta da asuba, da amai ba tare da ɓacin ciki ba, da dushewar gani. Sauran alamomin sun danganta ga wurin da ƙarin ya zauna. Idan a gaban ƙwaƙwalwa ne, halin mutum kan sauya, mai kunya ya koma mai sakin baki. Idan kusa da cibiyar motsi ne, ɓarin jiki ya yi sanyi a hankali. Sau da yawa kuma alamar farko ita ce farfaɗiya ga babban mutum da bai taɓa yin ta ba.

Abin lura ga mai nazarin al'ada shi ne kowace alama a cikin waɗannan tana da gidanta a tunanin Bahaushe, kuma gidajen ba ɗaya ba ne. Farfaɗiya da sauyin hali ana kai su ga iska ko sammu, sai a nemi mai ruƙiyya ko ɗan bori. Shanyewar gaɓa tana da tsohuwar alaƙa da iskoki, kamar yadda sunan "shan inna" ya nuna, ko kuma a ce hawan jini ne. Ciwon kai na mai kemis ne. Dushewar gani ta asibitin ido ce. Babu wata kalma ta gargajiya da ta tattara su ta ce tushensu guda ne, domin ba a iya ganin tushen sai da na'ura. Wannan ba gazawar harshe ba ce: likitocin Turai ma sai a 1971 suka fara ganin ƙari a cikin kan rayayyen mutum kai tsaye, lokacin da aka gwada na'urar Godfrey Hounsfield a asibitin Atkinson Morley da ke Landan.

4.0 "Hoto"

Na'urar CT da hasken hoton ƙashi take aiki, tana zagaya kai, kwamfuta ta haɗa abin da ta gani. Tana da sauri, ta kuma fi samuwa, kuma ita ce ta fi dacewa da zubar jini ko karaya. MRI kuwa babban maganaɗisu ne da ke motsa sinadarin haidurojin na ruwan jiki ya saurari amsarsa. Paul Lauterbur da Peter Mansfield sun sami kyautar Nobel a 2003 saboda aikinsu a kanta. Ita ce ke nuna iyakar ƙari da kumburin da ke kewaye da shi, musamman idan an yi allurar gadoliniyom, wadda ke tsiyaya ta haskaka wurin da jijiyoyin jini suka lalace.

Binciken yau ya wuce nuna siffa. Akwai salon MRI da ke auna yawan jinin da ke bi ta cikin ƙari, da wanda ke auna sinadaran da ke cikinsa. Wannan na biyun yana da muhimmanci a ƙasar Hausa, domin tarin fuka kan yi dunƙule a ƙwaƙwalwa ya yi kama da daji a hoto, alhali maganin tarin fuka ne ke warkar da shi. Akwai kuma sinadarin 5-ALA da majinyaci ke sha kafin tiyata, wanda ke sa ƙwayoyin ƙarin su yi ja-ja a ƙarƙashin shuɗin haske. A gwajin da Walter Stummer ya jagoranta a Jamus, wanda aka wallafa a 2006, an cire duk ɓangaren ƙarin da hoto ke haskakawa ga kashi 65 cikin ɗari na waɗanda aka ba sinadarin, sai kashi 36 ga waɗanda aka yi wa aiki da farin haske. A 2023 kuma aka fito da tarin hotunan MRI na majinyatan Nijeriya mai suna BraTS-Africa, domin manhajojin da ke zana iyakar ƙari an horar da su ne da hotunan Turai da Amurka, waɗanda na'urorinsu suka fi namu fitar da hoto tangaran.

Duk wannan a Hausa "hoto" ne. Dangin da suka sayar da akuya suka yi hoton farko, idan aka ce su sake wani, abin da za su ji shi ne na farkon bai yi kyau ba, ko kuma ana neman kuɗinsu. A ganin wannan maƙala, "hoton faifai" ga CT da "hoton maganaɗisu" ga MRI sun isa su nuna cewa aiki biyu ne daban, kuma za su yi aiki a Katsina da Maraɗi ba tare da jingina ga baƙaƙen Ingilishi ko na Faransanci ba.

5.0 "Daji"

Kalmomi uku ke takara: "daji" ko "jeji", "sankara", da "kansa". Sankara asalinta cutar goro ce, kuma kirarin "sankara ɓata goro" ya nuna abin da ke cin abu ta ciki, ko da yake an fi jin ta ga ciwon nono da na mahaifa. Kansa aro ce, ba ta ɗauke da komai sai tsoro. Daji ita ce ta fi yaɗuwa, ita ce kuma ta fi nauyin kaya.

A maganin gargajiya "daji" ya haɗa kumburi mai yaɗo, da gyambon da ya ƙi warkewa, da wasu cututtukan fata da likita ba zai kira su kansa ba. Sunan kansa yana nuni ga wajen gari, mazaunin iskoki, wurin da ikon mutum bai kai ba. Tare da shi kuma akwai hukuncin da kusan kowane Bahaushe ya taɓa ji: daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, in aka taɓa shi sai ya fusata. Bai kamata a yi wa wannan magana dariya ba, domin daga abin da ido ya gani aka gina ta. Majinyaci kan isa asibiti bayan cuta ta ci ƙarfinsa, a yi aiki a makare, ya rasu ba da jimawa ba, sai a ɗora wa wuƙa laifin jinkiri. Wannan mutuwar ta ƙara wa maganar ƙarfi, na gaba ya ƙara jinkiri.

Ga ƙwaƙwalwa illar ta ninka. Da farko, ba kowane ƙari ne daji ba. Meninjiyoma, wadda ke tsirowa daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, tana cikin waɗanda aka fi samu ga manya, mafi yawanta ba ta cin naman ƙwaƙwalwa, kuma tiyata kan raba mutum da ita. Ran da tafinta ya ce da dangi "dajin ƙwaƙwalwa ne", ya rufe ƙofar tiyata ga mutumin da tiyata za ta warkar. Na biyu kuma, kamar yadda za a gani, sabon maganin ba ya yiwuwa sai ƙarfe ya taɓa ƙarin.

Kalmar "ƙari" ta fi dacewa ta zama uwa. Tsohuwar Hausa ce, tana nufin abin da ya ƙaru a jiki, ba ta ɗauke da hukuncin ƙarfe. Daga ita sai a raba: "ƙari mai zama wuri ɗaya" da "ƙari mai saiwa". Giliyoma, wadda ke fitowa daga ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta biyun ce. Tana kutsa saiwoyinta cikin lafiyayyen nama, ta yadda ko an cire abin da hoto ya nuna, akwai saura. Manomin Jibiya da ya sha nome aya-aya tana sake tsirowa ba ya buƙatar dogon bayani a kan dalilin da ya sa ake bin tiyata da wani magani.

6.0 Daga Maganin Gama-gari Zuwa Mai Bin Sawu

Giliyobilastoma ita ce mafi muni a dangin giliyoma. Tsarin jinyarta na yau ya samo asali ne daga gwajin da Roger Stupp ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2005, a kan majinyata 573. Waɗanda aka yi wa gashi kaɗai, rabinsu sun wuce wata 12.1 a raye. Waɗanda aka haɗa wa da ƙwayar temozolomid, wata 14.6. Bayan shekara biyu, kashi 26.5 na rukuni na biyu na raye, na farko kuwa kashi 10.4. Ƙaramin ci gaba ne, amma har yau shi ne ginshiƙi.

Gashin ana yin sa ne sau 30 cikin mako shida, kullum ban da ƙarshen mako. Cibiyar jinyar daji da aka buɗe a Asibitin Koyarwa na Tarayya na Katsina a 2025 ta rage wa mutumin Jibiya nisan da a da sai Zariya ko Sakkwato. Sai dai kalmar "gashi" ita ma tana da matsala: ita ake amfani da ita ga gashin ƙashi, wanda mutum kan je in ya ji ciwo ya bari in ya ji sauƙi. Wannan gashin kuwa adadi ne da aka lissafa, tsallake kwanaki na rage amfaninsa. Ko da za a bar kalmar, ya kamata a riƙa cewa "gashin haske mai ƙidaya".

Abu biyu suka sa magani ke wahalar cin ƙarin ƙwaƙwalwa. Ɗaya shi ne shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda aka fara lura da shi tun 1885 da Paul Ehrlich ya yi wa dabbobi allurar rini, gaɓoɓi suka rinu, ƙwaƙwalwa ta fita fes. Shingen na barin wasu ƙananan sinadarai su wuce, yana tare manya, wasu ma ya maido su bayan sun shiga. Mazaunin bakin iyaka ya san wannan tsari sarai. Na biyu shi ne ƙari biyu da suka yi kama a madubin likita kan bambanta a cikin ƙwayoyinsu. A 2008 aka gano sauyi a ƙwayar IDH1 a wasu giliyoma, kuma masu wannan sauyi sun fi daɗewa. Haka nan yanayin ƙwayar MGMT na nuna wanda temozolomid zai fi yi wa aiki. Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a rabe-rabenta na 2021, ta sa gwajin ƙwayoyin ya zama sharaɗin sanya wa ƙari suna.

Daga nan magungunan suka fito. Sauyin IDH na sa ƙwayar ta riƙa fitar da wani sinadari da ke hana ta balaga. Vorasidenib na toshe wannan aiki, kuma an ƙera shi ne ya iya ƙetare shingen. A gwajin INDIGO mai majinyata 331, tsawon lokacin da ƙari ya tsaya bai ƙaru ba ya kai wata 27.7, a kan wata 11.1 ga waɗanda ba a ba su ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Agusta 2024. A 2023 ta amince da haɗin dabrafenib da trametinib ga yara masu giliyoma mai tafiyar hawainiya da ke da sauyin BRAF. Ba duka aka yi nasara ba: bevacizumab na rage kumburi, hoto ya yi kyau, amma manyan gwaje-gwaje ba su nuna ya ƙara tsawon rai ba.

Yaya za a kira wannan rukuni da Hausa? "Maganin saiti" na da sauƙi, amma hoton bindiga yake kawowa, harbi ɗaya a gama, alhali ƙwaya ce da ake sha kullum tsawon watanni ko shekaru, kuma tana jinkirta cuta ne. "Magani mai bin sawu" ya fi kusa da gaskiya. Maharbi ba ya bin dabba sai ya ga sawunta, sawun barewa kuma daban da na kura. Kalmar da kanta tana koyar da cewa in babu sawun, maganin ba shi da abin bi, kuma wannan ne amsar da za a ba wanda ya ji labarin sabon magani a rediyo ya zo yana tambayar dalilin hana ɗan'uwansa. Mafi yawan masu giliyobilastoma ba su da sauyin IDH, vorasidenib ba nasu ba ne. Tsadarsa kuma ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

6.1 "Gado" da "Samfur"

An saba fassara abin da ke sauyawar da "ƙwayar gado". A darasin kimiyya babu laifi. A gaban dangi kuwa, "an sami matsala a ƙwayar gadonsa" na nufin cutar tana cikin zuriya, kuma a garin da ake binciken asali kafin aure, wannan magana na iya hana 'yan'uwan majinyaci mata miji. Sauyin IDH da na BRAF a cikin ƙarin suke faruwa bayan an haifi mutum, ba a gadonsu daga iyaye, ba a kuma ba 'ya'ya. "Tambarin ƙari" ya kauce wa wannan rami, domin tambari shaida ce da ke kan abu guda, kamar wadda ake gane buhu ko dabba da ita.

Tambarin ba ya karantuwa sai an ɗebi ɗan naman ƙarin an kai ɗakin gwaji, wani lokaci ta ƙaramar huda a ƙoƙon kai. Nan ne likita ke karo da hukuncin ƙarfe gaba da gaba. Idan ya ce "za mu yanki naman", ya tabbatar da abin da ake tsoro. Kasuwar hatsi ta ba da mafita. Mai sayen gero ba ya biya sai an soka wa buhu ɗan ƙarfen nan an zaro 'yan ƙwayoyi ya gani a tafin hannu, kuma babu wanda ya taɓa cewa buhun ya lalace. Wannan shi ne "samfur", kalmar da ta daɗe da zama Hausa. Likita na iya cewa: "Baba, za mu ɗauki samfur ne mu san irin ƙarin, domin kowane iri da maganinsa."

An taɓa yin irin wannan aiki. A 2017 ayarin da Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda ya haɗa masana harshe da likitoci, ya fito da "karya-garkuwa" domin a raba ƙwayar cutar da ciwon ƙanjamau. Darasin da ke ciki shi ne kalma ba ta kama ƙasa don ta shiga ƙamus, sai ma'aikatan jinya da 'yan rediyo sun ɗauke ta. Kalmomin da aka kawo a nan suna buƙatar a gwada su a bakin majinyata a ɓangarorin iyakar biyu, a ji abin da mai sauraro ya fahimta idan aka ce ya maimaita da bakinsa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo da ke Maraɗi su ne mafi kusa da wannan aiki, kuma hanyar da ta haɗa su ta Jibiya ta bi.